Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, Wanda Ya Fara Fita Idi A Birnin Kano

Kowace al'umma tana da ranar da take keɓe wa yaranta. A Sabon Garin Kano, idan ranar 25 ga watan Disamba ta zo, iyalan Kirista sukan ɗinka wa 'ya'yansu sababbin tufafi na Kirsimeti, su tafi da su majami'a, su komo gida a ci shinkafa da kaji, a raba wa yara kyaututtuka, sa'an nan a aika wa maƙwabta Musulmi da nasu kwanon. A cikin birni kuwa, ranar yara ita ce ranar Salla. Tun da duku-duku ake yi musu wanka a sa musu sababbin kaya, uba ya riƙe hannun ɗansa su nufi filin Idi na Ƙofar Mata, daga nan kuma a wuce kallon hawa da yawon gaishe-gaishe, inda yaro zai komo da aljihu cike da barka da Salla.

Wannan rana tana da tarihinta, kuma duk wanda ya bi sawun tarihin nan a Kano zai tarar ya kai shi ƙofar mutum guda, watau Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga shekarar 1463 zuwa 1499. A zamaninsa ne aka fara fita sallar Idi a birnin, kuma da yawa daga kayan alfarmar da yara ke rububin gani a ranar hawa shi ne ya fara kawo su fada.

Asalinsa

Muhammadu Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne, jikan Sarki Abdullahi Burja, kuma shi ne sarki na 20 a jerin sarakunan da suka fito daga zuriyar Bagauda, wanda ake ƙirga sarautarsa tun daga shekarar 999. Sunan mahaifiyarsa Fadimatu, mutuniyar Rano. Mafi yawan abin da aka sani game da shi ya fito ne daga littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, aka tattara a cikinsa abin da magabata suka riƙe a ka da abin da suka bari a rubuce. Wani Bature, H. R. Palmer, ya juya shi zuwa Ingilishi cikin shekarar 1908, daga baya kuma aka fitar da shi da Hausa a Zariya cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Littafin ya siffanta Rumfa da cewa mutumin kirki ne, adali, mai ilimi, ya kuma lissafa abubuwa 12 waɗanda shi ne ya fara su a Kano.

Bisa ga abin da Kanawa suka riƙe, tun yana ɗan sarki ya riƙe sarautar Makama, aka gina masa gidan da har yanzu ake kira Gidan Makama, wanda a yau ya zama gidan adana kayan tarihi. A nan ya zauna kafin ya koma sabuwar fadar da ya gina.

Kano da ya tarar

Rumfa ya gaji gari wanda ya riga ya fara bunƙasa. Sarki Gijimasu ne ya aza harsashin ganuwa tun a farkon ƙarni na 12. Musulunci kuwa ya shigo fada a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, ta hannun Wangarawa waɗanda suka zo daga Mali. Kakansa Abdullahi Burja ya buɗe hanyar fatauci daga Barno har zuwa Gwanja, ƙasar goro, kuma a zamaninsa ne aka fara mallakar raƙuma. A zamanin mahaifinsa Yakubu, malaman Fulani suka iso da littattafan tauhidi da na lugga, gishirin Asbin ya wadata, Larabawa da Barebari suka yi ta zuwa suna zama.

To, amma duk da wannan arziki, garin yana da ƙafa biyu, ɗaya a masallaci ɗaya a gindin tsafi. Har a lokacin akwai wata bishiya da ake girmamawa a cikin birni, gadon addinin mutanen Dala na dā. Fada kuma tana cikin tsohon gari, a matse tsakanin gidajen da suka saba juya sarki yadda suka so. Ita kanta duniya tana cikin sauyi a wannan zamani. A yamma, Sunni Ali yana gina daular Sanwai a bakin Kwara, daga baya Askiya Muhammadu ya karɓi mulki cikin 1493. A gabas, Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Ngazargamu. Cikin 1492 kuma birnin Garnada na Andalus ya fita daga hannun Musulmi, a shekarar da Kolombus ya isa Amurka.

Zuwan Shehu Magili

Wajejen wannan shekara ta 1492 ne babban malamin nan, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya sauka a Kano. Sarki ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya kuma riƙa neman shawararsa. Shi ne ya umurci Rumfa ya gina masallacin Jumma'a, ya sa aka sare bishiyar tsafin nan aka tayar da hasumiya a gurbinta. Da zai tashi, sai ya bar Sidi Fari a madadinsa, wanda har yau sunansa ne sarautar shugaban Sharifan Kano, unguwarsu kuma ita ce Sharifai. Daga baya Magili ya wuce Gawo wajen Askiya Muhammadu, ya rasu a Tuwat wajen shekarar 1504.

Babbar tsarabar da malamin ya bar wa Rumfa ita ce wani ɗan littafi mai babi 8 a kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, wanda aka sani da suna Tajuddini. A cikinsa ya yi magana a kan kyautata niyya, da kwarjinin sarki, da tsara ma'aikatan mulki, da yin hattara a gida da daji, da binciken al'amura, da adalci wajen hukunci, da tara dukiya ta hanyar halal, da kuma yadda za a kashe ta. Gargaɗin da ya yi ta maimaitawa kuwa shi ne kada sarki ya kuskura ya ɓuya wa talakawansa, domin a ganinsa daga nan ne ɓarna take somawa. Bayan shekara fiye da 300, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahi sun dogara ƙwarai da rubuce-rubucen Magili sa'ad da suke tsara tasu daular.

Gida da ganuwa da kasuwa

Aiki na farko da Tarihin Kano ya lissafa wa Rumfa shi ne ginin fada. Ya fita daga cunkoson tsohon gari ya zaɓi wani fili a kudu, ya gina gidan da ake kira Gidan Rumfa, mai faɗin kimanin eka 33, wanda tun daga lokacin ya zama mazaunin sarakunan Kano. Domin gidan ya kasance cikin birni, sai ya faɗaɗa ganuwa ta wajen Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa. Bayan wannan ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara, inda fataken Arewacin Afirka da na Barno da na Gwanja suka riƙa haɗuwa, ana cinikin gishiri da goro da fatu da tufafi da dawaki, har ma da bayi, kamar yadda aka saba a kasuwannin zamanin. Karofin Ƙofar Mata ma, wadda ta yi suna wajen rini, ana danganta kafuwarta da shekarar 1498, watau shekara guda kafin rasuwarsa.

Wajen sha'anin mulki, shi ne ya kafa majalisar da ake kira Tara ta Kano, wadda ta ƙunshi manyan hakimai 9, cikinsu har da Galadima da Madaki da Wambai da Makama, masu ba sarki shawara a kan manyan al'amura. Ya kuma fara naɗa bābānni a kan muƙamai, musamman na tsaron gida da taska, saboda su ba su da 'ya'yan da za su nema wa gadon sarauta. Ta haka ya rage ƙarfin tsofaffin gidaje, ya tara iko a fada.

Fita Idi

A cikin abubuwa 12 ɗin nan, wanda ya fi shiga rayuwar talaka shi ne fita Idi. Tarihi ya nuna a zamanin Rumfa ne aka fara yin sallar Idi a Kano, a wani wuri da ake kira Shadakoko. Musulmi sun yi shekara fiye da 100 a birnin kafin wannan rana, suna azumi suna layya. Sabon abin da Rumfa ya kawo shi ne mayar da Idi taron gari baki ɗaya, inda sarki zai fito daga gidansa tare da hakimansa, ya tsaya sahu a bayan liman a sarari, attajiri da almajiri da bawa duk suna ganinsa. Wanda ya san gargaɗin Magili game da ɓuyan sarki zai ga yadda wannan fita ta dace da shi.

Fitar sarki kuwa tana bukatar kwarjini, kuma a nan ma Rumfa ya bar gado. Shi ya fara amfani da kakaki, doguwar ƙahon ƙarfe da ake busa wa sarki. Shi ya fara figini, watau mafitan gashin jimina da ake yi wa sarki fifita da su, da takalmin gashin jimina. Shi ya fara dawakin zage, waɗanda ake ja ba mahayi domin sarki ya sauya in wanda yake kai ya gaji. A fagen yaƙi da Katsina ya fara fito da su, amma daga baya suka zama adon ranar Salla. Lifidi da sulke da kwalkwali sun girme shi, domin tun zamanin Sarki Kanajeji suke, 'yan bindiga kuma sai a ƙarni na 18 suka shiga rundunar fada. Duk da haka, yaron da aka ɗora bisa wuya ya ji ƙarar kakaki, ya hango farin doki ana ja a gaban sarki, abin da Rumfa ya tsara ne yake kallo.

Da tafiya ta yi tafiya, sarakunan baya suka yi ta ƙari har hawan ya kai kwana 4. Ranar Salla, sarki yakan taka da ƙafa zuwa filin Idi, ya komo bisa doki ta cikin unguwanni jama'a suna yi masa jinjina. Kashegari a yi Hawan Daushe, inda yakan je Babban Ɗaki gaida mahaifiya, sa'an nan ya tsaya a Ƙofar Kudu hakimai su kawo jafi. Rana ta uku Hawan Nasarawa, wanda ya samu bayan zuwan Turawa cikin 1903, inda sarki kan ziyarci gidan gwamnati, ya ratsa ta Sabon Gari ya gaisa da baƙin da ke zaune a ƙasarsa, yaran Kirista da na Musulmi suna jere a bakin titi. Rana ta huɗu a rufe da Hawan Ɗorayi ko na Fanisau.

Sallar cikin gida

Abin da ake gani a filin hawa rabin Salla ne, ɗaya rabin yana cikin gidaje, inda iyaye da kakanni suka yi ta gina al'adu a kewayen wannan rana. Tun azumi bai raba tsakiya ba maigida yake shiga Kurmi ko Kwari sayen yadi, teloli su kwana a kan keke, kuma babu tashin hankalin da ya kai na yaron da tela ya saɓa wa alkawari. Ana jajibere mata su zauna kitso da ƙunshi, 'yammata ƙanana ana ɗaure musu hannu da lalle suna gyangyaɗi. Da asuba a ɗora tuwon Salla, a zuba a kwanuka, yara su yi ta kai wa dangi da maƙwabta, kowane gida kuma ya sallame su da ɗan abin da ya sawwaƙa.

Bayan an sauko daga Idi sai yawon Salla. Yara su yi ƙungiya, babba ya riƙe hannun ƙarami, su bi gidajen kakanni da kawunai da gwaggwanni. Kaka ta tari jikanta da wasan miji da mata, ta kushe rigarsa, shi kuma ya ƙi tashi sai ta kwance bakin zane ta ba shi goron Salla. A dā wuri ake bayarwa, aka komo anini da kwabo, yau kuma sababbin takardun naira. Ta wannan yawo ne yaro yake sanin danginsa, ya koyi durƙusawa da gaisuwa, ya gane gidan da tsatsonsa ya fito.

Addini kuma ya yi tanadi domin kada wani yaro ya tashi da yunwa a wannan rana. A Ƙaramar Salla maigida yakan fitar da zakkar fidda kai, mudun Annabi 4 na hatsi a kan kowane rai da yake ciyarwa, har da jariri, a ba mabukata kafin a tafi Idi. A Babbar Salla kuma a rarraba naman layya. Wannan shi ne ma'aunin da dattawan birni suke auna Salla da shi, watau ko marayan unguwa ya sami sabuwar riga, ko almajirin zaure ya ci ya ƙoshi. A nan ne Sallar birni da Kirsimetin Sabon Gari suka yi kama, domin shi ma dattijon nan mai jar riga da ake kira Baban Kirsimeti, asalinsa wani limamin Kirista ne mai suna Nikolas, wanda ya zauna a garin Mira ta ƙasar Turkiyya ta yanzu a ƙarni na 4, ya yi suna wajen taimakon 'ya'yan matalauta a ɓoye.

Inda aka yi kuka da shi

Littafin da ya yabi Rumfa bai ɓoye sauran ayyukansa ba. Ya nuna shi ne ya fara kame, watau ƙwace mutane da dukiya da sunan sarki. Ya naɗa wani bafade wanda ke zagaya wasu garuruwan bayi yana ɗauko masa 'yammata 'yan fari, har aka ce shi ne sarkin da ya fara tara mata 1,000 a gidansa. Shi ne kuma ya fara kulle a fada, al'adar da daga baya ta bazu cikin gidajen attajirai da malamai. Saboda haka, a daidai lokacin da wasu iyaye ke kai 'ya'yansu kallon fitar sarki, akwai waɗansu iyayen da aka raba su da nasu 'ya'yan domin a cika gidan sarkin. Wannan ya saɓa wa nasihar da Magili ya rubuta masa a kan adalci da dukiyar halal, kuma tarihi ya ajiye duka biyun a shafi guda.

A fagen fama ma bai sami yadda yake so ba. A zamaninsa aka fara yaƙi tsakanin Kano da Katsina, aka shekara 11 ana gwabzawa ba wanda ya rinjayi wani. Wannan gaba ta daɗe tana ci bayansa, ta laƙume rayuka da dukiya masu yawa a ɓangarorin biyu.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Muhammadu Rumfa ya rasu cikin shekarar 1499, daidai da 904 ta Hijira, bayan ya yi shekara 37 yana sarauta bisa ƙirgen wata. Ɗansa Abdullahi ya gaje shi, wanda mahaifiyarsa Auwa ta zama mace mai faɗa a ji a fadar Kano har zuwa zamanin jikanta Muhammadu Kisoki, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1565. Sarakunan da suka biyo baya daga wannan gida su ake kira Rumfawa.

Da jihadi ya ci Kano a farkon ƙarni na 19, aka kawar da Sarki Alwali, mutane da yawa sun zaci kayan Rumfa sun tafi ke nan, domin wasu daga cikin jagororin jihadin suna ƙyamar alfarmar sarakunan Haɓe. Amma Sarki Sulaimanu ya shiga Gidan Rumfa, Sarki Ibrahim Dabo kuma, wanda ya hau cikin 1819, ya dawo da sarautun fada da kayan alfarmar dā bayan ya nemi iznin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Turawa ma da suka zo sun tarar da hawan Salla sun bar shi. Tsohuwar Midil ta Kano, wadda aka buɗe cikin 1927, sunansa take amsawa a yau, watau Kwalejin Rumfa. Cikin watan Disamba na 2024 kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Sai dai gado ba ya tsare kansa. Ganuwar da Rumfa ya faɗaɗa ta zube a wurare da dama, an ci wani sashenta da gine-gine. Cikin 2020 annobar korona ta hana hawa, a Babbar Sallar 2024 da Sallolin 2025 kuma 'yan sanda suka dakatar da shi saboda taƙaddamar sarauta. Ke nan akwai yara a cikin birni da suka yi wayo a shekarun da ba a cika yin hawan ba. Abin da bai yanke ba a duk waɗannan shekaru shi ne wanda ke hannun iyaye, watau ɗinkin Salla, da kwanon tuwo zuwa gidan maƙwabci, da tafiya Idi hannu da hannu, da ɗan kuɗin da kaka ke ɗaurewa a bakin zane tana jiran jikoki. Hakkin manya ne, masu mulki da masu sarauta, su daidaita tsakaninsu domin yaran Kano su sami cikakkiyar Sallar da aka soma yi musu tanadinta fiye da shekara 500 da suka wuce.

Allah ya jiƙan Sarki Muhammadu Rumfa, ya yafe masa kurakuransa, ya kuma zaunar da Kano da ƙasa baki ɗaya lafiya, amin.